Jinjina ga Masu Mayar da Jijiya Gida

Akwai ma'aikatan lafiya a Yawunde waɗanda aikinsu ba ya nuna kansa ranar da aka yi shi. Sai an yi wata shida, wani lokaci shekara biyu, kafin a ga amfaninsa, kuma kafin nan mai ciwon ya manta fuskar wanda ya yi masa aikin. Su ne likitocin tiyata masu ɗinke jijiyar da ta tsinke, da masu gashin ƙashi waɗanda a nan aka fi sani da kine, da ma'aikatan jinya masu lura da inda suke soka allura a jikin yaro. A sahunsu nake saka iyaye mata da ke goya yaro mai shanyayyen hannu, su hau tasi zuwa cibiyar naƙasassu ta Etug-Ebe mako bayan mako ba tare da gajiyawa ba. Waɗannan bayin Allah sun cancanci jinjina daga kowa, amma mu mutanen Briketeri ya fi kamata mu fara, domin unguwarmu da aikin hannu take neman abinci.

Duk wanda ya bi babban titin unguwar da yamma ya san haka. Mahauci yana sarar ƙashi, mai tsire yana feɗe nama siriri da wuƙar da ya wasa har tana aske gashi, tela yana tura yadi ƙarƙashin allurar keke, mai aikin wuyan riga ya sunkuya a kan zarensa, masu babur na haya suna kutsawa tsakanin motoci. Wuƙa takan goce. Gilashin taga yakan fashe a hannun yaro, kwanon rufi yakan yanki kafinta, babur yakan kayar da mutum a kan kafaɗarsa. Galibi fata ce da nama, a ɗinke, a warke. Sai dai a wuyan hannu jijiyoyin da ke kai saƙo zuwa yatsu ba su da nisa da fata, yankan da bai kai tsawon gaɓar yatsa ba yana iya raba mutum da sana'arsa. Ba jijiyar jini nake nufi ba, ba kuma agarar da ke jan ƙashi ba. Farar igiyar nan nake nufi wadda ta taso daga laka, mai kai wa tsoka umarnin motsi, mai komowa da labarin zafi da sanyi da taɓi.

Cikin rahamar Allah, wannan jijiya tana tohowa. Laka in ta yanke da wuya ta sake haɗuwa, amma jijiyar hannu da ta ƙafa da ta fuska suna sake fita. Tun a 1850 wani likita ɗan Ingila, Augustus Waller, ya yanke jijiyar harshen kwaɗo ya zuba ido, ya ga ɓangaren da ya rabu da tushe yana narkewa cikin 'yan kwanaki. Daga baya aka gane cewa narkewar nan share fage ce. Jijiya guda damin zaruruwa ce dubbai, kowane zare kwance a cikin siririn bututunsa. Zaren da ya rabu da tushe yakan mutu, amma bututun yana nan. Ƙwayoyin da ke lulluɓe da zaren, waɗanda aka sa wa sunan Theodor Schwann, sukan haɗu da wasu ƙwayoyin jini su kwashe tarkacen, sannan su jeru a cikin bututun suna jiran sabon toho. Tohon yana cin kusan milimita ɗaya a rana, wato santimita uku a wata. Daga wuyan hannu zuwa kan yatsa tafiyar wata biyar ce ko shida. Daga kafaɗa zuwa tafin hannu ta kusa shekara biyu, ga shi kuwa tsokar da ta yi shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba ta ji daga jijiyarta ba takan motse, har ta daina amsa umarni ko da ya iso.

To amma tohowa daban, komawa inda aka fito daban. A nan ne maganar take, a nan ne kuma ƙimar aikin waɗanda nake yabo take fitowa.

A 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, Herbert Seddon yana duba sojojin da suka ji rauni a Oksford, ya kasa raunin jijiya gida uku. Na farko jijiyar suma kawai ta yi, zaren bai tsinke ba, irin wanda ya kwana a kan hannunsa ya tashi ya kasa ɗaga shi. Wannan yakan farfaɗo da kansa cikin kwanaki ko makonni. Na biyu an murƙushe ta, zaruruwan sun tsinke amma bututunsu bai yage ba, kamar yadda yakan faru in ƙashin dantse ya karye, wuyan hannu ya saki ya langaɓe. Na uku an datse ta gaba ɗaya, zare da bututu. Tsakanin na biyu da na uku akwai tazara mai yawa. A 2002 wasu masana a Amurka, Nguyen da Sanes da Lichtman, sun yi amfani da ɓeraye waɗanda zaruruwan jijiyarsu ke haske a ƙarƙashin madubin likita. Da suka murƙushe jijiyar, sai suka ga kusan kowane zare ya bi tsohon bututunsa, ya yi rassa a inda ya saba yi, ya sauka a kan ainihin ƙwayoyin tsokar da ya baro. Da suka yanke ta kuwa, sai lissafi ya dagule. Ashe zaren bai san hanyar gida da kansa ba, tsohuwar hanyar ce ke mayar da shi.

In an datse jijiya, kowane zare yakan fitar da toho da yawa a bakin yankan, su watsu cikin jini da tabo suna laluben bakin bututu. Santiago Ramon y Cajal na Sifaniya ya zana su da hannunsa a littafinsa na 1913 da 1914: wasu sun tsallaka, wasu sun murɗe a wuri ɗaya, wasu sun juya baya. Wanda ya tsallaka ma, bututun da ya tarar shi yake shiga, ko nasa ne ko na maƙwabci. Zaren motsi yana iya faɗawa hanyar fata, inda ba shi da aikin yi. Zaren da ke jin yatsan nuni yana iya ƙarewa a yatsan tsakiya. Thomas Brushart na Jami'ar Johns Hopkins ya nuna a 1988 cewa lamarin ba kara zube ba ne gaba ɗaya, domin a cinyar ɓera zaruruwan motsi sun fi zama a reshen da ya nufi tsoka, kuma daga baya ya nuna cewa tohon da ya ɓata ya shiga reshen fata yakan bushe. Wannan zaɓi yana taimakawa, amma bai kai ga bambance tsoka da 'yar'uwarta yadda ake so ba, kuma ya fi ƙarfi a jikin ƙarami. Shi ya sa babban mutum da aka ɗinke masa jijiyar wuyan hannu da wuya hannun ya dawo daidai yadda yake a da, ko a Faransa aka yi aikin.

A fuska ne kowa yake iya ganin wannan ɓatan hanya da idonsa. Mutum ya wayi gari bakinsa ya karkace, ido ɗaya ba ya rufuwa, a ce iska ce ta buge shi. Mafi yawan masu wannan lalura suna warkewa sarai. Amma wanda jijiyarsa ta ji jiki sosai, bayan watanni sai a ga in ya yi murmushi idonsa ya ƙanƙance, in ya ƙifta ido gefen bakinsa ya motsa. Akwai wanda in ya zauna cin tuwo hawaye ke zubo masa a ido ɗaya, saboda zaren da ya kamata ya je wurin yawu ya sauka a wurin hawaye. Ba aljani ba ne, ba kuma sammu ba. Jijiya ce ta toho ta sauka a gidan wani.

Wanda ya fahimci wannan zai san abin da likitan tiyata yake yi sa'ad da ya duƙa a kan wuyan hannun wani yaron mahauci da tsakar dare. Ba haɗa igiya biyu kawai yake yi ba. Yakan datse bakin da ya dagargaje har sai ya ga lafiyayyun damman zaruruwa sun leƙo. Yakan duba 'yar jijiyar jinin da ke kwance a bayan jijiyar, ya daidaita ta wannan gefe da ta wancan, don kada ɓangare ɗaya ya murɗe, bututun babban yatsa ya fuskanci na wani yatsan. Sannan ya ɗinke fatar jijiyar da zaren da ya fi gashin kai siranta, sanye da tabarau mai ƙara girman abu, ba ya ja da ƙarfi, domin Hanno Millesi na Ostiriya ya daɗe da nuna cewa ɗinkin da aka ja ya yi tsauri tabo yake haifarwa, tabo kuwa shinge ne a gaban toho. In giɓin ya yi faɗi, sai ya ciro wata jijiyar ji daga bayan ƙwauri ya yi gada da ita. Duk wannan haƙurin don a rage yawan zaruruwan da za su ɓata ne. Likitan da ya yi shi a ɗakin da wuta ke iya ɗaukewa, bayan ya kwana a tsaye a kan wasu masu haɗari, ya yi abin a yaba masa da babbar murya.

Ba daga sama waɗannan likitoci suka faɗo ba. Babban Asibitin Yawunde, wanda ake kira Santaral, yana nan tun 1933, kuma daga Briketeri ba wata tafiya ba ce. A 1969 aka buɗe makarantar koyon likitanci ta Yawunde ƙarƙashin Farfesa Gottlieb Lobe Monekosso, wadda ta zama tsangayar likitanci ta Jami'ar Yawunde ta Ɗaya, ta yaye likitocin da ke riƙe da asibitocin ƙasar. Farfesa Vincent de Paul Djientcheu ya jagoranci sashen tiyatar ƙwaƙwalwa da laka a Santaral, Farfesa Alfred Njamnshi ya jagoranci sashen cututtukan jijiya, dukansu sun horar da na baya. A 2015 aka buɗe cibiyar agajin gaggawa ta Yawunde dab da asibitin, da tallafin Koriya ta Kudu, wanda ya yanke da dare ya sami ƙofar da zai nufa. Haka nan ba za a manta da Dokta Georges Bwelle ba, likitan tiyata a Santaral, wanda tun 2008 shi da ƙungiyarsa ta ASCOVIME suke shiga ƙauyuka a ƙarshen mako suna yi wa talakawa aiki kyauta. Ya koya wa ɗalibai da yawa cewa ba dole sai mara lafiya ya iso birni ba.

Amma ɗinki rabin aiki ne. Sauran rabin yana hannun masu gashi, kuma su ne aka fi tauye wa yabo. A Etug-Ebe akwai cibiyar kula da naƙasassu ta ƙasa mai ɗauke da sunan Kadinal Paul-Emile Leger, babban limamin Kirista na birnin Montiriyal a Kanada, wanda ya ajiye muƙaminsa a 1967 ya taho Kamaru don hidimar kutare da yara masu shan inna. An buɗe cibiyar a 1972, ta koma hannun gwamnati a 1978. Ba a tambayar addinin yaro a ƙofarta, kuma 'ya'yan Musulmi da yawa sun koyi tafiya a can. Mu faɗi alherin da aka yi mana, ko daga wa ya fito.

Na taɓa zama a wani ɗakin gashi ina kallon wata ma'aikaciya da wani saurayi mai tsire, wanda aka ɗinke wa wuyan hannun dama watanni kafin nan. Ta ɗora hannunsa a kan tebur, ta fara ƙwanƙwasawa da kan yatsanta daga tafin hannu tana yin sama. Da ta zo wani wuri sai ya zabura.

"Nan ne, Anti. Kamar lantarki ya ja ni har yatsa."

Ta ɗauki biro ta ɗiga alama a fatar, ta auna da ma'auni daga tabon ɗinkin, ta duba abin da ta rubuta a watan jiya. Alamar ta matsa gaba. Wannan gwaji Jules Tinel na Faransa da Paul Hoffmann na Jamus ne suka bayyana shi a 1915, kowanne a ɓangarensa na yaƙin duniya na farko, kuma har yau ba ya bukatar komai sai yatsa da biro. Sannan ta ce, "Ƙanena, rufe idonka." Ta taɓa yatsan nuni da gindin fensir. Ya ce na tsakiya ne. Ta ce ya buɗe ido ya kalla, ta sake taɓawa yana gani, ya sake rufewa. Ta zuba masa makulli da kwabo da maɓalli a cikin kwanon shinkafa, ya lalubo su ido rufe ya faɗi sunan kowanne. Ya gaji, ya yi tsaki, ta lallashe shi suka ci gaba.

Abin da take yi shi ne koya wa ƙwaƙwalwa karanta saƙon da ya zo a hargitse. Zaren da ya ɓata ba ya komowa, amma ƙwaƙwalwar mutum tana iya sake koyon cewa saƙon da ke zuwa ta wannan hanya yanzu daga wancan yatsa yake. Roger Sperry ya sauya wa ɓeraye jijiyoyin ƙafa a shekarun 1940, ya ga ba su taɓa gyara tafiyarsu ba. Ɗan Adam ya fi su sa'a, in ya sami mai koya masa. Goran Lundborg da Birgitta Rosen na Suwidin sun bi mutanen da aka ɗinke wa jijiyar hannu, suka ga yaran da ba su kai shekara goma ba su ne suka fi dawo da ji, daga nan abin yana raguwa har a shiga samartaka. Sun kwatanta shi da koyon harshe, kuma duk ɗan Briketeri zai gane kwatancin. Yaro a lungunmu yakan tashi da Hausa da Fulatanci da Faransanci ba tare da ya san ya koya ba, mahaifinsa kuwa da ya zo da girmansa sai ya yi da gaske. Babba ma yana koya, sai dai da naci da malami. Malamin shi ne kine.

Akwai kuma nasarar da ba a gani domin ciwon bai faru ba. Manyanmu sun san yara da yawa da suka yi zazzaɓi, aka yi musu allurar kinin a mazaunai, suka tashi suna jan ƙafa. Babbar jijiyar ƙafa ta nan take wucewa, kuma a jikin yaro ramamme ba ta da wurin ɓuya. Maganin kan ƙona ta daga ciki, ya cika bututun da tabo, shi ya sa warkewarta ke da wuya. Bayan wani babban gwaji da aka yi a kan yara sama da dubu biyar a ƙasashen Afirka tara, wanda sakamakonsa ya fito a 2010, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa maganin atesunat a gaban kinin ga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Ma'aikatan jinya da yawa sun koyi yi wa ƙaramin yaro allura a cinya. A watan Janairun 2024 kuma Kamaru ta zama ƙasa ta farko da ta saka rigakafin zazzaɓin cizon sauro cikin alluran yara na yau da kullum, aka fara a Sowa, kusa da Yawunde. Duk nas ɗin da ta tsaya ta auna wuri kafin ta soka allura, ko ta ce wa uwa, "Hajiya, wannan ba sai an yi allura ba, ya sha magani," ta ceci ƙafar da ba za a taɓa sanin ta ceta ba. Allah ya saka musu da alheri.

Yabon nan da zuciya ɗaya na yi shi, kuma shi ya ba ni ƙarfin halin faɗin abin da ya rage.

Mafi yawan hannuwan da ake asara ba a ɗakin tiyata ake asararsu ba, a ƙaramin asibitin unguwa ne, a daren farko. Yaro ya zo jini na zuba, a tsayar da jinin, a ɗinke fata tsaf, a sallame shi, ba wanda ya tambaye shi ko yana jin yatsunsa. Fata ta warke da kyau, jijiya tana ciki a datse, bakinta biyu suna ja da baya. Sai bayan wata huɗu ko biyar, da tudun babban yatsa ya faɗa, ko yatsu biyu na ƙarshe suka lanƙwashe, sannan a fara neman likita. Alhali gwajin bai kai minti ɗaya ba: a taɓa kan yatsan nuni, a taɓa kan ƙaramin yatsa, a taɓa bayan hannu tsakanin babban yatsa da na nuni, a ce ya haɗa babban yatsa da ƙarami, ya ware yatsu, ya ɗaga wuyan hannu. Yankan wuƙa ko gilashi da ya zo da mutuwar yatsa, a cikin 'yan kwanakin farko ya kamata a ɗinke jijiyarsa. Manyan likitocin da suka san wannan, nauyi ne a kansu su sauko su koyar da shi a kowane ƙaramin asibiti na gundumarmu ta Yawunde ta Biyu, a manna hotonsa a bangon ɗakin ɗinki. Ilimin da ya tsaya a Santaral bai isa Briketeri ba, ko da kuwa ana iya zuwa da ƙafa.

Haka masu ɗori. Mutanenmu sun yarda da su, kuma a cikinsu akwai masu gaskiya da suka gaji sana'ar kaka da kakanni. Zaginsu daga nesa bai taɓa hana kowa zuwa wurinsu ba. Abin da ya fi shi ne a zauna da su cikin mutunci, a nuna musu cewa ɗaurin da ya matse yana kashe jijiya da tsoka cikin sa'o'i, kuma hannun da ya saki bayan karaya, in ya yi wata uku ba alamar motsi, na asibiti ne.

Sai maganar lokaci ga waɗanda rauninsu yake sama, a gindin wuya. Mai babur da ya faɗi a kan kafaɗa, hannu ya zama lagwani, sau da yawa akan ce masa ya yi haƙuri ya yi ta gashi. Haƙurin da ya wuce wata shida yana cinye damarsa. A 1994 Christophe Oberlin a Paris ya nuna cewa ana iya aro ɗan dami daga lafiyayyar jijiyar da ke kusa, a haɗa shi da reshen da ke shiga tsokar dantse kai tsaye. Tafiyar ta gajarta, kuma zaren ba shi da inda zai ɓata, tunda ƙofa ɗaya ce a gabansa. Haka jaririn da aka haifa da wahala hannunsa ya shanye: yawancinsu suna farfaɗowa, amma Alain Gilbert, shi ma a Paris, ya koyar da cewa wanda ya kai wata uku bai fara lanƙwasa gwiwar hannu ba, a kai shi ga likitan tiyata ya duba. Irin waɗannan ayyuka suna bukatar madubin tiyata, da zare na musamman, da na'urar auna lantarkin jijiya, da likitocin da suka keɓe kansu ga hannu. Birnin da ya iya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa ba zai gaza kafa cikakken sashen hannu ba, inda mai ɗinki da mai gashi za su ga mara lafiya tare a rana ɗaya. Ko ƙaramar dabarar nan da Tessa Gordon da abokan aikinta suka gwada a Kanada a 2000, ta ba jijiya ɗan lantarki na awa ɗaya lokacin ɗinki don tohon ya yi saurin tsallaka yankan, ta cancanci masananmu su gwada ta a nan.

Hukumomi ma da nasu. An tabbatar da kawar da shan inna na daji daga Afirka a watan Agustan 2020, kuma cikin abin da ya kawo nasarar akwai tsarin kai rahoton duk yaron da gaɓarsa ta saki farat ɗaya. Yaron da allura ta taɓa wa jijiya yakan faɗo cikin wannan raga, a gwada bayan gidansa, a ce ba shan inna ba ne, shi ke nan a rufe takarda. Me zai hana takardar ta zama ta tura shi Etug-Ebe? Shirin kiwon lafiya na bai ɗaya da aka ƙaddamar a watan Afrilun 2023 ya fara da ƙananan yara da masu juna biyu da masu wankin ƙoda, kuma farawa ce mai kyau. Mataki na gaba ya kamata ya tuna da gashi, domin magani ne na shekara guda ko fiye, kuma yawancin masu yankewa a hanya kuɗin zama da kuɗin mota ne ke kayar da su. Dokar kare naƙasassu ta 13 ga Afrilun 2010 tana nan a rubuce, saura a ji ta a aljihun talaka. Tsangayar likitanci kuma ta sa ɗalibanta su bi waɗanda aka ɗinke har shekara biyu, a auna jinsu da ƙarfinsu a rubuta, don mahaucin da ya tambaya ko zai sake riƙe wuƙa ya sami amsa daga abin da aka gani a Yawunde.

Ina roƙon likitoci abu ɗaya mai sauƙi: bayani da harshen da mutum yake ji. Da yawa daga cikin dattawanmu da matanmu Faransancinsu na kasuwa ne, bai kai na asibiti ba. Wanda ba a gaya masa cewa wata shida zai yi kafin ya ji yatsansa ba, a wata na biyu zai ce aikin bai yi ba, ya koma wani wuri. Wanda ba a gaya masa cewa tsikarin nan da zugin da ya fara ji alamar isowar jijiya ba ne, zai tsorata. A cikin ɗaliban jinya akwai 'ya'yanmu masu jin Hausa da Fulatanci, a yi amfani da su.

Mu ma a unguwa ba mu kuɓuta ba. Hannun da ba ya ji ba ya gumi, fatarsa takan bushe ta tsage, kuma ba ya sanin wuta. Yaron mai tsire da ya koma bakin tukuba da irin wannan hannu zai ɗora yatsa a kan waya mai zafi, sai ƙauri ya gaya masa. Iyayen gida su riƙe wa yaransu gurbinsu, su ba su aikin karɓar kuɗi ko naɗe nama a takarda har ji ya dawo, su bar su su je gashi ranar da aka ba su. Shugabannin mahauta da na teloli da na masu babur suna da adashi da asusun biki da na rasuwa, sai a ƙara da na kuɗin tasi zuwa Etug-Ebe. Limamai da masu unguwa su riƙa faɗa bayan salla cewa wanda ya yanke a wuyan hannu ya ji yatsansa ya mutu, kada ya kwana uku bai ga likitan tiyata ba, kuma iyaye su daina kai yara wurin mai allurar bayan fage.